Tazara ma magana ce: yadda za ka jera abubuwa a dizayin ido ya gane wa ke tare da wa

Rubuta "ya yi", sannan ka rubuta "yayi". Haruffa huɗu ne duka, ba ƙari ba ragi, amma na farko wani ne ya aikata abu, na biyu kuma abin da ake rububinsa ne a zamani. Haka "ta fi" da "tafi", haka "ta ce" da "tace". Eh na sani, a WhatsApp duk haɗe su muke yi mu wuce abinmu, amma dai ka gane inda na dosa: ɗan filin nan da babu komai a cikinsa shi ya juya ma'anar gaba ɗaya. Toh dizayin ma haka yake, fosta ce, fulaya ce, shafin intanet ne ko skirin ɗin manhaja, kafin mutum ya karanta kalma ɗaya idonsa ya riga ya gama raba kaya, wannan na wancan ne, wancan shi kaɗai yake, kuma da tazara yake wannan rabon.

Ni dai da tsada na koyi wannan darasin. An taɓa ba ni aikin fostar wani taron bita na kwana biyu, Asabar ƙarfe 10 na safe, Lahadi ƙarfe 4 na yamma. Na jera su layi huɗu, rana a sama lokaci a ƙasanta, sai wajen gyara na ɗan ja "Lahadi" sama don hoto ya samu wuri, ban lura ba ashe "ƙarfe 10 na safe" ya fi kusa da Lahadi a kan Asabar ɗin da yake nata. Babu kuskuren harafi ko ɗaya, mutum uku ne suka duba kafin a buga. Ranar Lahadi da safe sai ga kira yana shigowa, mutane sun zo sun tarar da ƙofa a rufe. Wallahi ranar na ji kunya ba kaɗan ba.

Abin yana da asali a ilimi. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Max Wertheimer, tare da abokan aikinsa Kurt Koffka da Wolfgang Köhler, su suka kafa makarantar tunanin da ake kira Geshtalt a Jamus, kalmar tana nufin siffa ko tsarin abu a dunƙule. A 1923 Wertheimer ya fitar da takardar da ya jera dokokin yadda ido ke haɗa abubuwa rukuni-rukuni, kuma da ɗigo-ɗigo ya fara, kamar haka:

●●   ●●   ●●   ●●

Me ka gani? Ba ɗigo takwas ka gani ba, biyu-biyu ka gani sau huɗu. Yanzu gwada tilasta wa idonka ya haɗa na biyu da na uku a matsayin abokan juna. Za ka iya na ɗan lokaci da kyar, kana sakewa ya koma yadda yake. Shi ma Wertheimer abin da ya lura da shi ke nan, ba zaɓi ba ne, ido ne ke yi da kansa ba tare da ya yi shawara da kai ba. Irin abin da ya sa aka kalli wasu taurari a cure wuri guda aka ce kaza da 'ya'yanta. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, duk abin da ka ajiye kusa da wani to mai kallo ya ɗaura musu aure ko ka so ko ba ka so ba.

Mataki na farko: kar ka buɗe manhajar dizayin irin su Canva tukuna

Ɗauki takarda da biro, ko ka buɗe wajen rubutu a waya, ka zube duk bayanan da za su shiga aikin. Sunan taro, rana, lokaci, wuri, masu jawabi, lambar waya, tambari, komai. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambaya, wannan wace tambaya yake amsawa? Rana da lokaci da wuri duk amsar "yaushe kuma a ina" ne, gida ɗaya suke. Sunan mai jawabi da muƙaminsa da hotonsa gida ɗaya. Lambar waya da imel da adireshin shafi gida ɗaya. Yawanci fosta ko kati zai tashi da gida uku zuwa biyar, in ka ga sun kai tara to akwai waɗanda ya kamata su haɗe ko kuma akwai wanda bai kamata ya shigo ba sam.

Dalilin wannan rabon shi ne kai ba ya son ɗaukar kaya a warwatse. Duba katin banki, lambobi 16 ne amma huɗu-huɗu ake rubuta su, da a haɗe suke da sai ka bi da yatsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, George Miller, ya yi bayanin haka tun 1956, cewa abin da mutum ke iya riƙewa a take ɗan kaɗan ne, amma in an ɗaure abubuwa dami-dami sai ya ɗauki dami a matsayin abu guda.

Mataki na biyu, kuma nan ne gundarin maganar

Tazarar da ke cikin gida dole ta gaza tazarar da ke tsakanin gida da gida. Shikenan. In ka riƙe wannan kaɗai ka wuce rabin masu haɗa fulaya. Kuma bambancin ya zama a fili, ba wai 14 a ciki 16 a waje ba, wannan ido ba ya ganinsa a matsayin niyya, gani yake hannunka ne ya goce. Ni abin da nake yi ta waje ta zama aƙalla ninki biyu na ta ciki, in da hali ma ninki uku.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka zaɓi ma'auni uku kawai ka ɗaure kanka da su har ƙarshen aikin. Misali a skirin, inda ake awo da fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto: fiksel 8 tsakanin abubuwan da suke manne a ma'ana, kamar suna da muƙami, 24 tsakanin ƙananan rukunai, 48 ko 64 tsakanin manyan sassa. Me ya sa 8 da 'ya'yanta? Tsarin Material Design na Google wanda ya fito a 2014 a kan ma'aunin 8 aka gina shi, da 4 don ƙananan abubuwa, kuma akwai hikima, wayoyi suna ninka girma gwargwadon ƙarfin skirin ɗinsu, wata sau 1.5 wata sau 2 wata sau 3, to 8 sau 1.5 ya ba ka 12 cif, amma 5 sau 1.5 ya ba ka 7.5, kuma babu rabin fiksel, sai gefen abu ya fito dishi-dishi. In aikin bugawa ne a takarda ba ruwanka da 8, yi amfani da milimita, 2 da 6 da 12 misali, dokar dai ɗaya ce.

Kuskuren da sabbin shiga suka fi yi shi ne raba komai daidai wa daida. Sun ga fili ya rage sai su baza layuka daga sama har ƙasa da tazara iri ɗaya, su a ganinsu tsafta ce. Ba tsafta ba ce, ka goge duk alamar da za ta nuna wa ke tare da wa, mai karatu sai ya karanta kowane layi sannan ya yi rabon da kansa, aikin da kai aka biya ka yi. Ɗayan kuma shi ne tura kaya kusurwa huɗu, lambar waya a ƙasa hagu, imel a sama dama, adireshi can wani lungu, kamar ana tsoron fili. Tattaro su wuri guda ka bar sauran filin ya sha iska.

Mataki na uku: kanun magana da sakin layi

Buɗe kowane rahoto da aka rubuta a Word za ka ga wannan ciwon: kan magana yana shawagi a tsakiya, tazarar samansa da ta ƙasansa iri ɗaya, ba a san na sakin layin da ya wuce ba ne ko na mai zuwa. Kan magana na abin da ke ƙasansa ne, don haka ya matso ƙasa. In ka ba shi 32 a sama ba shi 8 ko 12 a ƙasa. Kuma don Allah a daina danna Enter sau biyu sau uku don samar da fili, shiga saitin sakin layi, akwai wajen sa tazarar kafin da ta bayan, saita sau ɗaya ya bi duk takardar.

A cikin rubutun kansa ma akwai tsani. Haruffa sun fi kusa da juna a kan kalmomi, kalmomi sun fi kusa a kan layuka, layuka sun fi kusa a kan sakin layi. Da zarar matakala ɗaya ta karye karatu ya yi nauyi. Shi ya sa nake gudun daidaita rubutu gefe biyu a siririn shafi, saboda manhaja za ta buɗe tsakanin kalmomi don layi ya cika, doguwar kalma irin "wallafe-wallafe" ta faɗa layi na gaba ta bar ramuka a baya, har ratar kalmomi ta fi ratar layuka, sai ka ga farin fili yana gangarowa ta tsakiyar rubutu kamar rafi, ido ya bi shi ƙasa maimakon ya bi layi. Jingina rubutun a hagu kawai ka huta. Tazarar layi kuwa ga rubutun jiki wajen 1.4 zuwa 1.5 na girman harafi tana daɗi a skirin, amma babban take mai layi biyu matse shi zuwa 1.1 ko 1.2, in ba haka ba sai ya zama kamar take biyu daban. Masu gina shafin intanet su ƙara sanin cewa ƙa'idar WCAG 2.1 ta 2018, wato ƙa'idar sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet, ta buƙaci shafi kar ya rushe idan mai karatu ya buɗe tazarar layi zuwa 1.5, ta sakin layi kuma zuwa ninki 2 na girman harafi, saboda masu matsalar gani da ke buƙatar hakan.

Wani ɗan abu da ya shafe mu kai tsaye: wasu salon rubutun ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai manhaja ta aro harafin daga wani salon ta cusa, ya fito da rata a gefensa, "ƙasa" ta koma kamar "ƙ asa". Kafin ka ƙaunaci salon rubutu gwada masa haruffan nan tukuna.

Mataki na huɗu: fom da maɓallai, inda kuskure ke da tsada

A fom, sunan gurbi ya manne da gurbinsa. In "Lambar waya" tana tsakiyar akwati biyu, na sama da na ƙasa, wani zai zuba lambarsa a inda ake son suna. Sa sunan a saman akwatin da 4 ko 8, sannan 24 kafin na gaba. Saƙon kuskure shi ma ya fito a jikin gurbin da aka yi kuskuren, ba can saman shafi ba inda mutum zai yi ta hawa da sauka yana neman laifinsa.

In kana ganin wasa ne duba abin da ya faru a Amurka a zaɓen shugaban ƙasa na 2000. A gundumar Palm Beach ta jihar Florida an ƙara girman rubutun takardar ƙuri'a don tsofaffi su gani da kyau, niyya mai kyau, sai sunayen 'yan takara suka bazu shafi biyu masu fuskantar juna, ramukan da ake hudawa don zaɓar ɗan takara kuma suka jeru layi ɗaya a tsakiya. George Bush ne na farko a hagu, raminsa na farko. Al Gore ne na biyu a hagu, amma raminsa na uku ne, don na biyun na Pat Buchanan ne da ke shafin dama. Buchanan ya tashi da ƙuri'a 3,407 a gundumar, shi da kansa ya fito ya ce yana jin da yawansu ba shi aka nufa ba, kuma duk jihar da ratar ƙuri'a 537 Bush ya ci ta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ba a yi ƙarya a takardar ba, akwai kibiya daga kowane suna zuwa raminsa, amma ido ba ya tsayawa bin kibiya in jeri da kusanci sun riga sun faɗa masa wani abu daban.

Kusanci kuma yana da ɗaya fuskar: abin da yake kusa yana da sauƙin taɓawa. Wani masani mai suna Paul Fitts ya nuna a 1954 cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya danganta da nisansa da girmansa. Wannan alheri ne ga "Ajiye" da "Ci gaba", amma masifa ce in "Goge duka" na manne da su. Lokacin yaƙin duniya na biyu matuƙan jirgin yaƙin Amurka samfurin B-17 sun yi ta naɗe tayoyin jirgi bayan sun sauka, jirgi ya daki ƙasa da ciki, ana ta cewa sakacin matuƙa ne, sai wani masani mai suna Alphonse Chapanis ya duba ya ga makunnin tayoyi da na ɓangaren fuffuken da ake saukewa wajen sauka kamarsu ɗaya kuma suna kusa da juna. Ya maƙala ɗan ƙaramin taya na roba a kan na tayoyi, ɗayan ya ba shi siffar fuffuke, yadda hannu zai bambance ko ba a kalla ba. Darasin a skirin: maɓallin da ba a iya dawo da aikinsa ware shi gefe, ka sauya masa kama. Sauran maɓallai kuma ka tuna da babban yatsa ake dannawa ba da allura ba, Google na ba da shawarar wurin taɓawa ya kai 48 da 48 da ratar 8 tsakani, Apple kuma 44 da 44 a nasu ma'aunin.

Mataki na biyar: hoto da bayaninsa

Wannan gajere ne. Bayanin hoto ya zauna dab da hotonsa, nesa da na gaba. A zanen ƙididdiga kuma, maimakon ɗan akwatin nan na gefe mai cewa ja kaza ne shuɗi kaza ne, rubuta sunan kowane layi a jikin layin. Wani masani mai suna John Sweller da abokan aikinsa a Ostareliya sun yi nazari a kan haka a harkar koyarwa, sun ga ɗalibi ya fi fahimta idan bayani na cikin zane, don in an raba su hankalinsa na ƙarewa ne wajen kai da komo.

Mataki na shida: in fili ya ƙi isa

Wani lokaci kwastoma zai turo maka rubutu shafi guda ya ce duk a sa a fulaya ɗaya, kuma a ƙara girman tambari. Kafin ka fara zana akwatuna, rage girman rubutun jiki kaɗan ka ba tazara, ƙaramin rubutu mai numfashi ya fi babba a cunkushe sauƙin karantawa. In hakan bai isa ba sannan ka kawo iyaka. Wani masani mai suna Stephen Palmer ya nuna a 1992 cewa abubuwan da aka kewaye a fili guda ido na haɗa su, har ma hakan na iya rinjayar kusanci, wato ɗigo biyu masu nisa in suna cikin da'ira ɗaya sai a gan su tare. Makami ne mai ƙarfi, shi ya sa nake ajiye shi sai ƙarshe. Gaskiya ni dai in na ga dizayin da kowane abu ke cikin akwati, akwati cikin akwati, layi a ƙarƙashin kowane layi, na san mai shi bai yarda da tazararsa ba ne. Ɗan sauya launin baya kaɗan yakan wadatar ba sai an ja baƙin layi ba. In kuma ka yi kati-kati, bar rata mai kyau tsakanin kati da kati, kuma rubutu kar ya manne da bangon katinsa.

Shi kuwa kwastoman da zai nuna farin fili ya ce "nan fa babu komai, a cika shi", kar ka tsaya jayayya da dogon turanci. Yi masa kala biyu, ɗaya a cike ɗaya da sarari, ka ce ya nemo lambar waya a kowanne. Gani ya kori ji.

Mataki na bakwai: gwaji

Ja da baya daga skirin ka ƙanƙance ido har rubutu ya daina karantuwa, ya zama dunƙule-dunƙule kawai. Ƙirga su. In a takardarka ta farko gida huɗu ka raba, dunƙule huɗu ya kamata ka gani, in ka ga guda ɗaya ƙato ko goma sha biyu a warwatse koma mataki na biyu. Wasu suna juya aikin ƙasa a sama, ko su ɗauki hotonsa su dusashe shi, duk ɗaya ne, so ake kai ya daina karanta ma'ana ya bar ido shi kaɗai.

Kar kuma ka yarda da lamba ɗari bisa ɗari. A manhajar dizayin ta Figma in ka zaɓi abu ka danne maɓallin Alt ka kai kan wani zai nuna maka nisansu, amma daga gefen akwatin rubutu yake aunawa, shi kuma akwatin yana da ɓoyayyen fili sama da ƙasan haruffa, sai lamba ta ce 16 da 16 ido kuma yana ganin ɗaya ta fi. In suka saɓa bi ido. Da ka gamsu, haɗe kowane gida da Ctrl da G ya zama rukuni, yadda in ka ja shi zai tafi da iyalinsa gaba ɗaya, wannan kaɗai da na yi da Lahadi ba ta sace ƙarfe 10 ba.

Sai ka tura wa kanka a waya. Shafin da ke da jeri uku a kwamfuta in ya shiga waya jerin suna hawa kan juna ne, hoton da yake gefen bayaninsa yanzu yana iya faɗawa tsakanin bayani biyu, don haka a waya ratar da ke tsakanin sassa sai ka sake duba ta daban. Na ƙarshe, samu wanda bai san komai game da aikin ba, nuna masa na daƙiƙa biyar ka kife wayar, kar ka tambaye shi ko ya yi kyau don kowa cewa zai yi ya yi kyau. Tambaye shi: taron Lahadi ƙarfe nawa ne?